Motar da ba ta ganin rana

A watan Disamba na karɓi makullin motar, hunturu na tsakiyar ƙarfinsa. Ita ce mota ta farko da na taɓa mallaka sabuwa fil a leda, ba irin ta Kwatano da muke ce wa sabuwa don kawai ba a taɓa hawanta a Najeriya ba. Bashi ne daga wurin aiki, ana zare shi daga albashina wata-wata. Aikina ya shafi noman rani a kwarin Rima, saboda haka da wuya mako ya shuɗe ban bi hanyar Sakkwato zuwa Achida ba, in ratsa Wurno in gaida mahaifiyata, sannan in zarce Goronyo.

Iyakwandishan ɗin tsohuwar motata da hannu ake sarrafa shi: ka murɗa wannan iska ta ƙaru, ka murɗa wancan sanyi ya ƙaru. Na sabuwar kuwa lamba kawai ake zaɓa masa. Na sa 22, na danna maɓallin da aka rubuta wa AUTO, wanda ya miƙa mini makullin ya ce kada in ƙara taɓa komai, motar ta san aikinta. Haka kuwa aka yi. Da asuba ta hura mini ɗumi a ƙafa, da hantsi ta juya iska mai sanyi zuwa fuska, ni ban ce mata uffan ba.

A watan Fabrairu muka je suna Rabah, garin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya zagaya motar sau biyu, ya yi mata addu'a, ya shiga gida ya fito da wani ƙunshi. Shimfiɗar dashbod ce mai kauri, mai gashi-gashi, da tuntaye a baki, irin wadda direbobinmu suke ƙawata motocinsu da ita. Da hannunsa ya shimfiɗa ta daga wannan gefe zuwa wancan, ya daddanna ta har cikin lungun gilashi, ya ce rana ba za ta fasa mini gaban mota ba. Gaskiyarsa ce kuwa, duk wanda ya ga dashbod ɗin da ya shekara biyar a ranar Sakkwato ya san yadda yake tsattsagewa kamar fadama a ƙarshen rani. Na yi godiya, na kuma manta da zancen.

Matsalar ba ta zo a rana ɗaya ba. Cikin Maris na fara lura cewa da tsakar rana motar ba ta ɗaukar sanyi kamar da. Na ce zafi ne ya shigo. Na rage lambar zuwa 20, daga baya 18. Da safe da kuma bayan magariba sanyin har ya yi mini yawa, amma daga sha biyu zuwa la'asar sai in ji fanka tana hurawa a hankali, kamar mai fifita ga wanda ya riga ya yi barci, alhali cinyata da hannuna suna gasuwa.

Ranar da abin ya daina zama ɗan ƙorafi ita ce wata Laraba a ƙarshen Afrilu. Na kai Inna asibiti a Sakkwato duba hawan jininta, layi ya riƙe mu har bayan azahar, motar kuma tana tsaye a fili babu inuwa. A irin wannan lokaci zafin garin kan wuce digiri 40, kuma a ƙarshen Afrilu ne rana take tsayawa kusan daidai tsakar ka a yankinmu, har mutum ya nemi inuwarsa ya rasa. Cikin motar da aka rufe a wannan rana kan iya haura digiri 60. Muka shiga, na tayar, muka kama hanya. Da farko fanka ta yi ƙugi kamar abin kirki, can sai ta lafa, ta koma fifitarta ta kasala. Na duba madubi na ga Inna ta jingina kai, gumi na bin wuyanta. Ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari.

“Wai wagga ita ta sabuwar motar?” in ji ta. “Buɗe muna taga, ɗan nan, mu sha iskar Allah.”

Na buɗe. Iskar Allah ta wannan sa'a kamar daga bakin tanderu take fitowa. Kafin mu kai Achida muryarta ta yi ƙasa, ta ce kanta na juyawa. Na tsaya, ranar kasuwa ce, na kutsa na samo ruwan sanyi, muka jiƙa mayafinta muka shafa mata a fuska da wuya. Muna tsaye wani saurayi mai gyaran esi a bakin titi ya matso, ya sa tafin hannu a bakin iskar na daƙiƙa biyu.

“Gas na, Alhaji. Zahin ga na bana bai barin gas. Minti goma in cika maka ita.”

Saura kaɗan in yarda. Abu biyu suka hana ni, kuma babu ilimi a cikinsu. Na farko tsoron kada garantin motar ya lalace idan wani hannu ya shiga cikinta. Na biyu lokaci, don hanyoyin gabashin Sakkwato sun daɗe da zama irin waɗanda mutum ke so ya gama da su da sauran rana a sama. Inna ta ɗan farfaɗo, muka ƙarasa Wurno da tagogi a buɗe. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Ina biyan bashin mota duk wata, amma ta kasa kai tsohuwa gida cikin mutunci a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

“Gas ya ƙare” ita ce amsar farko da ake ba duk wanda esinsa ya yi rauni a ƙasar nan, kuma ta samo asali ne daga zaton cewa gas kamar fetur yake, ana ƙona shi. Iyakwandishan ba ya cin gas. Dakon zafi yake yi da shi. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san tushen abin: ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu yana zama tururi, yana tafiya da zafin ruwan da ke ciki. A mota ma haka ne, sai dai ba a barin tururin ya tsere. Gas ɗin yana shiga wasu siraran bututu da ke ɓoye a bayan dashbod yana ruwa-ruwa, ya tafasa a can, ya kwashe zafin iskar da fanka ke turawa ta kansu. Kwamfuresa ta zuƙo shi, ta matse shi, ta tura shi kwandensa da ke gaban lagireto, inda iskar waje ke ɗauke zafin, ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Da'ira ce rufaffiya. Idan gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma cikawa ba tare da toshe yoyon ba zuba ruwa ne a kwando. Sannan awo gare shi. Ana auna shi da nauyi, giram kaza, a rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet. Idan aka zarce awon, matsin da ke cikin bututun yana hawa, motar kuma tana da abin da ke kashe kwamfuresa idan matsi ya yi yawa, don kada wani abu ya fashe. Wato ƙarin gas a motar da ba ta buƙatarsa rage sanyi yake yi, kuma a zafi irin namu ne abin ya fi tsanani.

Akwai kuma batun iri. Tsofaffin motoci R-12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina shi saboda ɓarnar da yake yi wa rufin ozon na sararin sama. R-134a ya maye gurbinsa, shi ne kuma ya cika kasuwanninmu. Amma tun daga 2017 sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai sun rabu da shi, yawancinsu sun koma R-1234yf, Amurka ma ta bi wannan hanya. Da gangan aka bambanta bakin da ake ɗura kowannensu don kada a gauraya. Motocin nan sun fara shigo mana a matsayin na hannu, kuma ina jin tsoron abin da zai faru da su a hannun mai gwangwani ɗaya da tiyo ɗaya.

Washegari aiki ya kai ni Goronyo. Akwai wani dattijo mai gyaran firji da injinan ban-ruwa da manomanmu ke kai wa kaya, na tsaya wurinsa, na ce ya duba mini ko gas ne. Ya tambayi shekarun motar. Na ce wata biyar ba ta cika ba.

“Malam, mota 'yar wata biyar ina za ta kai gas? Kahin mu taɓa mata ciki, bari mu tambaye ta.”

Tambayar da ya yi mata ita ce mafi amfanin abin da na koya a duk wannan lamari. Ya sa na fitar da ita daga AUTO, na murɗa lambar har ƙarshe inda take nuna LO, na kai fanka maƙura, na rufe ƙofar iskar waje. Ya ɗauko ma'aunin zafin da yake gwada firji da shi ya soka a bakin iskar. Bayan 'yan mintoci allurar ta sauka ƙasa da 10. Ya ce, to ka gani, sanyinta lafiya lau, wanda ke ba ta umarni ne ya ruɗe. Hikimar gwajin ita ce, a LO motar tana daina shawara, tana ba da duk abin da take da shi. Idan a haka ma iskar ba ta yi sanyi ba, sai a nemi laifin a wajen kwamfuresa, kwandensa, fankar gaba ko yoyon gas. Idan ta yi, an wanke waɗannan duka, an kuma tsira da kuɗin da za a ɓatar a kansu.

Sai dai ya lura da wani abu da ni ban lura ba: ƙarar fankar ta fi iskarta yawa. Muka sauke akwatin ajiya da ke gaban kujerar fasinja, muka zaro matatar iskar da ke bayansa. An ce mini fara ce sa'ad da take sabuwa. Abin da muka zaro ja ne kamar bulo, ya buga ta a jikin taya ƙura ta tashi kamar an kakkaɓe buhun siminti. Hazon hunturu guda da hanyoyin gonaki ne a ciki. Littattafan motoci sukan ba da wa'adi biyu na canza wannan matata, na tuƙin yau da kullum da kuma na hanyoyi masu ƙura, wanda ya fi gajarta nesa. Mu da ke tsakanin Rabah da Goronyo ba mu da watan da ba ya cikin kashi na biyu, in ban da tsakiyar damina. Muka leƙa kwandensa ta ragar gaba, ga ƙaiƙayin shinkafa da matattun ƙwari sun liƙe a tsakanin haƙarƙarinta. Ya wanke da ruwan buta a hankali. Ya hana ni kai ta wurin masu wankin mota su harba mata ruwa mai ƙarfi kai-tsaye, don ganyayen ƙarfen sirara ne, suna lanƙwashewa su toshe hanyar iska gaba ɗaya. Ya kuma nuna mini wata 'yar koriyar fitila mai rubutun ECO. Ƙanena ne ya kunna ta ranar da ya ari motar, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya zama masanin tsimin fetur. A motoci da yawa wannan maɓalli yana rage wa esi ƙarfi. Muka kashe. Kuɗin da ya karɓa bai kai na gwangwanin gas ɗaya ba.

Na kama hanya ina murna, iska ta ƙaru ƙwarai. Amma da na mayar da ita AUTO da azahar, sai halin nan ya dawo, ko da yake da sauƙi: ta yi himma da farko, sannan ta lafa tun jikina bai huce ba.

A Wurno na kwana. Bayan isha'i na buɗe akwatin ajiya na ɗauko littafin motar, yana nan cikin ledarsa ban taɓa ɓare shi ba. Na san ba ni kaɗai ba ne. Mu da muke karanta yarjejeniya mai shafi hamsin a ofis kafin mu sa hannu, mu ne muke tuƙa abin da ya ci albashin shekaru ba mu karanta shafi ɗaya game da shi ba.

A nan na fahimci abin da AUTO yake nufi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1964 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da motar da ake zaɓa wa lamba ta riƙe ta da kanta. A motocin yanzu wata 'yar kwamfuta ce ke yanke hukunci: ƙarfin fanka, ta ina iska za ta fito, a rufe ƙofar waje ko a buɗe, nawa za a gauraya na iska mai ɗumi cikin mai sanyi. Ita kuwa kwamfutar ba ta da fata, ba ta gumi. Abin da 'yan rahotonta suka gaya mata shi take aiki da shi. Ɗaya yana bayan wata 'yar raga kusa da sitiyari, yana shaƙar iskar cikin mota yana auna zafinta. Ɗaya yana gaba, wajen bamba, yana auna na waje. Shi ne ma yake ba da lambar nan da mutane ke ɗauka hoto su sa a Facebook suna cewa yau Sakkwato ta kai 50, alhali zafin kwalta da na injin da aka tsayar ne ya dafa shi, da an yi 'yar tafiya lambar za ta sauko. Ɗaya yana jikin bututun sanyin da ke bayan dashbod, yana tsaron kada ƙanƙara ta kama shi. Sai kuma wani ɗan ƙwallo baƙi, bai fi ƙwayar goro ba, a saman dashbod, can cikin lungun gilashi. Shi zafi bai dame shi ba, hasken rana yake aunawa.

Me ya sa ake buƙatarsa, tunda ga mai auna zafin iska? Saboda zafin da mutum ke ji ba na iska ba ne kaɗai. Mutum biyu a fili ɗaya, ɗaya ƙarƙashin dogonyaro ɗaya a sarari, iska ɗaya suke shaƙa, amma ba hali ɗaya suke ciki ba. Rana tsaka tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, wani kaso nasa yana ratsa gilashi ya sauka a jiki da kujera kai-tsaye. Mai auna iska yana zaune a inuwar sitiyari, sanyin da ke fitowa yana isa gare shi da wuri, sai ya kai rahoto cewa an kusa kai lambar da aka nema. Ɗan ƙwallon nan ne zai ce a'a, akwai rana a kan mutanen nan, a ƙara iska, a ƙara sanyi. Idan shi ya yi shiru, kwamfuta za ta ɗauka dare ne ko hadari ya rufe, ta sassauta.

Littafin ya yi gargaɗi, da hoto, cewa kada a ɗora komai a kansa. Na ɗauki fitilar wayata na fita tsakar gida. Na ɗaga shimfiɗar Kawu daga lungun gilashi. Ga shi nan, a binne ƙarƙashin gashi mai kaurin yatsa biyu. Tun ranar sunan nan na Rabah motata ba ta sake ganin rana ba. Ana zaton wuta a maƙera. Kuma da yake kyautar ta zo daf da shigowar bazara, sai na ɗora wa bazarar laifin duka.

Ban yarda da littafin ba sai da na gwada. Kashegari da rana tsaka na tsayar da motar a fili, na bar ta a AUTO har fanka ta lafa, sannan na yaye shimfiɗar. Ba a jima ba na ji ƙarar iska tana hawa da kanta. Na cire hulata na kifa a kan ɗan ƙwallon, ta sauka. Na ɗauke, ta hau. Sau uku na yi haka, yaran unguwa suna leƙe suna mamakin abin da ya sami Malam. Tun daga ranar idona ya buɗe a kan dashbod ɗin mutane: hula, kwalin tishu, sallaya a naɗe, fayil ɗin ofis, takardun mota. A tsohuwar mota mai murɗi babu abin da wannan zai ɓata, can ne ma muka koyi ɗabi'ar. A sabuwa kuwa lungun nan ido ne.

Na kuma daina wasa da lambar. Sa 18 ba ya sa motar da ta gasu a rana ta huce da sauri fiye da 22 ko 23, don a mintocin farko duk ƙarfinta take bayarwa ko wace lamba aka sa. Bambancin yana zuwa ne daga baya, sa'ad da 18 za ta hana ta hutawa, ta ci mai, ta busar da maƙogwaro. Abin da ke gaggauta sanyi shi ne a buɗe tagogi minti ɗaya ko biyu a farkon tafiya, iskar tanderun da ke ciki ta fita, don ko iskar waje mai digiri 42 ta fi ta ciki sauƙi. Da na san haka a ranar asibiti, da Inna ba ta fara tafiyar da shaƙar abin da ta shaƙa ba.

Saura batun shimfiɗar. Cire ta gaba ɗaya shi ne mafi sauƙi ga motar, amma ba a cire abin da kawu ya shimfiɗa da hannunsa kamar an cire tsumma. Ga shi kuma tana da amfaninta. Na sayi reza, na yanke da'ira daidai ɗan ƙwallon, na buɗe ramukan iskar da ke wanke gilashi. Littafin ya kuma nuna cewa jakar iskar da ke kare fasinja a lokacin haɗari daga saman dashbod take ɓallowa, don haka na datse wannan gefen ma, na kai wa tela ya kalmashe bakin.

Bayan mako biyu muka je Rabah gaisuwa, ni da Inna, tana baya. Da za mu dawo Kawu ya ce mu rage masa hanya, ya shiga gaba. Ya daɗe yana kallon shimfiɗar, ya sa yatsa cikin ramin ya juya.

“Ɓera ya shiga motag ga?”

Na ce a'a, Kawu, taga ce na buɗe mata, ashe tana da ido a wurin. Ya sunkuya ya ƙura wa ɗan ƙwallon ido, ya ce ikon Allah, ya gyara wa ramin gashin da ya karkato a kansa. Muna fita gari Inna ta ja mayafi ta rufe kafaɗa.

“Ɗan nan, rage muna sanyin ga.”

Na mayar da lambar 24.